Tambaya da Amsa: Filin Tempelhof na Barlin, daga fagen faretin soja zuwa wurin shan iska

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato tsohon filin jirgin nan na birnin Barlin a ƙasar Jamus wanda hotunansa ke ta yawo a wayoyin mutane, shi yasa na haɗa su wuri guda. Wasu tambayoyin na rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo mutane na tuƙa keke a kan titin jirgin sama, wasu na gasa nama a gefe, aka ce wai a tsakiyar Barlin ne kuma wai da can sansanin soja ne. Dan Allah gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne? Daga wani mai bibiyar shafin nan.

AMSA: Ɗan'uwa ba haɗi bane, wurin na nan, sunansa Tempelhof. Filin kaɗai ya kai hekta 300, wato in za'a yanka shi filayen ƙwallo za'a samu sama da 400, kuma yana cikin gari ne sosai, unguwanni sun kewaye shi ta ko'ina. Abin da mutane da yawa basu sani ba shine tun kafin a ƙirƙiro jirgin sama sojoji ke riƙe da wurin. Asalinsa gonaki ne da makiyaya na manoman ƙauyen Tempelhof, sai a 1722 sarkin Purushiya, masarautar da Barlin ke cikinta a lokacin, Friedrich Wilhelm na ɗaya, ya fara kai sojojinsa can yana duba fareti. Wannan sarkin kuwa ba abin da yake so a duniya kamar soja, shine wanda ya riƙa aikawa ƙasashe ana nemo masa zaratan dogayen maza yana zubawa a wata runduna tasa ta musamman. To daga nan filin ya zama na atisaye, manoma suna shuka dawakin soja na tattakewa, ana ta ƙorafi ana biyan diyya, har dai a ƙarni na 19 rundunar ta gaji ta saye wurin baki ɗaya.

Da filin ya zama nasu sai barikoki suka fara tsirowa a kewayensa, na sojan ƙasa, na sojan doki, na masu shimfiɗa layin dogo, har da wata 'yar runduna ta masu tashi da balan-balan don leƙen abokan gaba daga sama. Babban barikin jan bulo da aka gina ta arewa a shekarun 1890 har yau yana tsaye, 'yan sanda ne a ciki yanzu. Kuma duk shekara akan yi gagarumin fareti a gaban sarki, haka akayi ta yi har zuwa 1914 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Amma fa ranar Lahadi in soja basa wurin talakawan gari ne ke cika shi da iyalansu, samari na buga tamaula, ƙungiyar ƙwallon da tafi kowacce daɗewa a Jamus cikin waɗanda suka rage, BFC Germania da aka kafa a 1888, a wannan filin ta fara wasa. Kaga kenan masu keken da ka gani a bidiyo ba su suka fara ba.

Akwai wani abu da nake ganin zai ba masu karatunmu sha'awa. A gefen filin ta arewa akwai maƙabartar Musulmi wadda take cikin mafi daɗewa a Jamus, kuma bariki ne sanadin zuwanta nan. Jakadan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Ali Aziz Efendi, ya rasu a Barlin a 1798 aka ba da wani ɗan fili aka binne shi, daga baya aka ƙara binne wasu kusa da shi, sai sojoji suka buƙaci wurin don gina bariki, shine a 1866 aka kwashe ƙasusuwan aka dawo da su inda suke yanzu. A nan ne masallacin Şehitlik yake, mai hasumiya biyu, in kana tsaye a kan titin jirgin kana hango su.

Zancen tashi sama kuwa a hankali ya shigo. A 1897 an gwada wani jirgin iska mai jikin alminiyom na wani David Schwarz, ya ɗan tashi ya faɗo ya lotse. A Satumban 1909 Orville Wright da kansa, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu na Amurka da suka fara tashi da jirgi mai inji, yazo yayi kwanaki yana nuna gwanintarsa a gaban dubban mutane. Amma abin da ya mayar da wurin filin jirgi na gaske shine kayen da Jamus ta sha a yaƙi, don yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ce sojan Jamus kada su wuce 100,000 kuma an hana su rundunar sama kwata-kwata, to wa zai yi fareti a wannan uban fili? Shikenan aka buɗe shi a matsayin filin jirgin fasinja ranar 8 ga Oktoba 1923, da 'yan rumfunan katako, kuma da aka kafa kamfanin Luft Hansa a Janairun 1926 nan ne ya zama gidansa.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce mai karanta tarihi. Wani ya ce min Hitler ne ya gina filin, ni kuma na ce Amurkawa ne. Waye mai gaskiya?

AMSA: 'Yar'uwa abokin musun naki ya fi ki kusa da gaskiya, amma shi ma bai cika ta ba. Filin ya riga Hitler kamar yadda kika gani a sama. Abin da 'yan Nazi suka gina shine ƙaton ginin nan mai lanƙwasa da ake gani a hoto, wanda tsawonsa ya kai kilomita 1.2. Wani mai zanen gini Ernst Sagebiel ne ya tsara shi, aka fara aiki a 1936. An yi masa rufi mai miƙewa kusan mita 40 ba ginshiƙi a gaba, yadda jirgi zai shigo har ƙarƙashin inuwa fasinja su sauka ruwan sama bai taɓa su ba, kuma saman rufin an so a mayar da shi wurin zaman 'yan kallo kusan 80,000 don su riƙa kallon wasan jiragen yaƙi. Ba'a taɓa ƙarasa shi ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye kuɗi da ma'aikata, aiki ya tsaya wajen 1941, har yau akwai matattakalai da ɗakunan da suke nan da ɗanyen siminti ko filasta ba'a yi musu ba. Abin dariyar ma a duk zamanin Hitler fasinja ko ɗaya bai bi ta cikinsa ba, tsohon ƙaramin ginin aka cigaba da amfani da shi.

To amma tunda tarihi kike karantawa bari in tsaya kan ɓangaren da masu ɗaukar bidiyo basa nunawa. A cikin gine-ginen sojan da na ambata akwai wani gidan yarin soja da aka gina wajen 1896, inda ake kulle sojan da yayi laifi. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai 'yan sandan ciki na Gestapo suka karɓe shi suna zuba 'yan adawa, 'yan kwaminis, shugabannin ƙwadago, Yahudawa, malaman coci, duk wanda aka ga dama, daga baya aka mayar da shi cikakken sansanin gwale-gwale a hannun SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar Nazi. Sunansa Columbia-Haus. Maza kimanin 8,000 ne suka bi ta cikinsa kafin a rufe shi a Nuwamban 1936 a kwashe fursunonin zuwa sansanin Sachsenhausen. Cikinsu akwai babban malamin Yahudawa Leo Baeck, akwai kuma Erich Honecker wanda daga baya ya mulki Jamus ta Gabas. Kuma ki lura wannan gidan ba a wani daji yake ba, a bakin titi yake, gidajen mutane na kallonsa, jiragen fasinja na tashi ta gefensa. A 1938 aka rushe shi don faɗaɗa filin jirgin, sai a 1994 sannan aka kafa wata alama ta ƙarfe don tunawa da shi, shekara 56 kenan.

Da yaƙi yayi zafi kuma sai sabon ginin ya koma masana'antar makamai. Kamfanin Weser ya riƙa harhaɗa jiragen Stuka a ciki, masu sulmiyowa ƙasa da jiniya su saki bam, kuma mafi yawan masu aikin kamo su akayi daga Poland da Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashen da aka mamaye, maza da mata, aikin dole, zuwa 1944 sun haura 2,000. A rumfunan katako aka jibge su a gefen filin an zagaye da waya mai ƙaya, ga yunwa ga sanyi ga bama-baman da ake yi wa garin ruwansu. Masu tonon tarihi sun haƙa wurin a 'yan shekarun nan sun samo harsashin rumfunan da kwanuka da 'yan tarkacen mutanen a ƙarƙashin ciyawar da ake zama a kai yanzu. Ni dai a ganina duk mai ba da labarin Tempelhof ya fara da alewar da Amurkawa suka riƙa jefo wa yara daga jirgi (za mu zo kanta a gaba) ya tsallake wannan to ya ci rabin amana. Su Amurkawan naki sai Yulin 1945 suka shigo, bayan sojan Sobiyet sun ƙwace filin a ƙarshen Afrilu sun miƙa musu bisa yarjejeniyar raba garin.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne, na yi aiki a ɓangaren sufuri da kayan abinci har na yi ritaya. Ana cewa wai an ciyar da garin Barlin da jirgin sama kusan shekara guda. Na san abin da bataliya ɗaya ke ci a rana, don haka wannan magana bata shiga kaina ba. A warware min.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, shakkar taka a kan hanya take, don su kansu manyan hafsoshin da aka ba aikin da farko basu yarda zai yiwu ba. Ga yadda abin ya faru. Bayan yaƙi an raba Jamus gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Sobiyet, shi ma Barlin aka raba shi huɗu, matsalar itace garin yana can tsakiyar yankin Sobiyet, duk mota ko jirgin ƙasa ko kwale-kwalen da zai kai kaya ɓangaren yamma sai ya ratsa ta hannunsu. Ranar 20 ga Yuni 1948 ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi, Deutsche Mark, a yankunansu, shugaban Sobiyet Stalin ya fusata, ranar 24 ga wata aka toshe hanyoyin ƙasa da na ruwa aka kuma yanke wutar lantarki. Mutum sama da miliyan 2 suka wayi gari gaba kura baya sayaki.

Abin da ya cece su wata takarda ce. A ƙarshen 1945 an sa hannu kan hanyoyin sama guda uku masu faɗin kilomita 32 kowacce, ta wajen Hamburg, ta wajen Hannover, da ta wajen Frankfurt, alhali hanyoyin ƙasa ba wanda ya damu ya rubuta komai a kansu. Kuma ka fi ni sani Baba, mota ana tare ta da shinge da soja biyu, amma jirgin da ke sama ba ka da yadda zaka tsayar da shi sai ka harbo shi, harbo shi kuwa yaƙi ne, Stalin bai shirya wa wannan ba. Janar Lucius Clay, gwamnan sojan Amurka, ya ba da umarni aka fara jigila ranar 26 ga Yuni.

Yanzu ga lissafin da kake nema. An ƙiyasta garin na buƙatar kusan tan 5,000 kullum, abinci wajen tan 1,500, sauran kwal ne da mai. Jirgin da suke da shi da yawa a farko, C-47, tan 3 yake ɗauka da ɗan ɗori, ka raba ka gani, abin ba zai taɓa kaiwa ba. Sai aka tattaro manyan C-54 masu ɗaukar tan 10 daga ko'ina a duniya, aka kuma kawo Janar William Tunner a ƙarshen Yuli, mutumin da yayi irin wannan aikin lokacin yaƙi yana tsallaka tsaunukan Himalaya da kaya zuwa Sin. Shi wannan ba ruwansa da jarumta, agogo kawai ya sani. Ranar 13 ga Agusta aka yi ruwa da hazo a Tempelhof, jirgi ɗaya ya zarce titi ya kama da wuta, wani tayoyinsa suka fashe, sauran suka taru a sama suna ta kewaye, shi kansa Tunner yana cikin ɗaya daga cikinsu. Daga ranar ya kafa doka: kowane jirgi sau ɗaya zai gwada sauka, in ya kuskure ba jira ba sake gwadawa, ya juya da kayansa ya koma inda ya fito. Kowa ya tashi da na'ura ko da gari garau yake, gudu ɗaya, tazara ɗaya, hanyoyi biyu na shiga ta tsakiya ta fita. Matuƙi in ya sauka baya barin gindin jirginsa, a nan za'a kawo masa bayanin yanayi da ɗan abin taɓawa a mota, 'yan dako Jamusawa na sauke kaya suna gasa da juna. Da haka aka kai duk minti 3 jirgi na dira.

Sannan an yi wa kayan kansu dabara, wadda na san zata burge ka. Maimakon burodi sai a kawo fulawa a gasa a can, don burodi akwai nauyin ruwa a cikinsa. Dankali busasshe, madara ta gari, ƙwai na gari, nama an cire ƙashi. Kwal kuwa shine kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da aka ɗauka, a buhunan soja ake ɗura shi, ƙurarsa ta riƙa shiga ko'ina a jirgin tana ɓata na'urori. Duk da haka kada a yi maka ƙarya, mutanen sun sha wuya, wuta awa 4 a rana wani lokacin ma cikin dare take zuwa, an sassare itatuwa don jin ɗumi, kuma da yawa sun riƙa tsallakawa gabas suna sayo abinci ta bayan fage don a lokacin ba'a gina katangar da ta raba garin biyu ba tukuna. Wannan ɓangaren ba'a cika faɗinsa ba amma ya taimaka ƙwarai.

Tempelhof kaɗai bai isa ba, filin ciyawa ne aka shimfiɗa masa farantan ƙarfe masu huji, ga dogayen benaye dab da bakin titin sai jirgi ya shafo rufinsu kafin ya sauka. Shi yasa aka gina sabon fili a Tegel cikin yankin Faransa a kwana 90 kacal, ma'aikata kimanin 19,000, mata da yawa a cikinsu, da ɓaraguzan gidajen da bam ya rusa aka yi ciko. Wata hasumiyar gidan rediyon da Sobiyet ke iko da shi ta tare hanyar sauka, kwamandan Faransa Janar Ganeval yasa aka dasa mata nakiya a Disamban 1948, magana ta ƙare. A tsakiyar Afrilun 1949 Tunner ya shirya nuna ƙarfi, cikin awa 24 aka yi sawu 1,398 aka sauke tan 12,941. Ranar 12 ga Mayu Sobiyet suka buɗe hanya, amma aka cigaba da jigila har 30 ga Satumba don a tara na ajiya ko da za su sake. Jimilla sawu kusan 278,000, kaya tan miliyan 2.3. A dandalin gaban ginin akwai wani dutsen tunawa na 1951 mai yatsu uku, ɗauke da sunayen 'yan Birtaniya 39 da Amurkawa 31 da suka mutu a aikin.

Zancen alewa da kowa ya sani kuma, wani matuƙi ne Gail Halvorsen ya tarar da yara a jikin waya suna kallon jirage, ya miƙa musu cingam guda biyu da ke aljihunsa, yaga sun rarraba har waɗanda basu samu ba suna shinshina takardar, sai yayi musu alkawarin zai jefo musu daga sama, alamar da za su gane shi itace zai girgiza fukafukai. Da hankici ya riƙa yi wa alewar 'yar lema. Manyansa da suka ji maimakon su hukunta shi sai suka ga ai wannan farfaganda ce ta faɗo musu kyauta, aka mayar da shi shiri guda, aka jefa kusan tan 23. Ka kwatanta da tan miliyan 2.3 kaga ba alewa ce ta riƙe garin ba, kwal ne da fulawa, sai dai ita tafi daɗin labari. Shi Halvorsen ɗin ya dawo ya zama kwamandan sansanin a farkon shekarun 1970, ya rasu a 2022 yana da shekara 101.

TAMBAYA: Malam su Turawan Ingila ba su da nasu filin ne, sai Amurka kawai ake ji?

AMSA: Suna da shi mana, Gatow, can kudu maso yammacin gari kusa da kogin Havel, kuma shi ne ma yafi cancanta a kira shi filin soja zalla. A 1934 zuwa 1935 aka gina shi da barikokinsa a matsayin makarantar horar da hafsoshin rundunar saman Hitler, Ingilishi suka karɓa a Yulin 1945, sai aka tarar wani yanki na filin ya faɗa ɓangaren Sobiyet, dole akayi musayar ƙasa aka ba Sobiyet yammacin unguwar Staaken. Tun kafin toshe hanya an zubar da jini a nan, ranar 5 ga Afrilu 1948 wani jirgin yaƙin Sobiyet da ke shawagin tsokana yayi karo da jirgin fasinjan Birtaniya dab da sauka, mutum 15 suka mutu har da matuƙin Sobiyet ɗin. Lokacin jigila kuma Ingilishi sun kawo wata dabara, jiragen Sunderland masu sauka a kan ruwa, suna tasowa daga kogin Elbe a Hamburg su dira a Havel, su aka ba dakon gishiri don an yi jikinsu ne da jure ruwan teku, gishiri baya cinye su kamar sauran jirage. Ƙanƙara ce ta tsayar da su a Disamba. Sun zauna a Gatow har 1994, da wasu 'yan ƙananan jirage Chipmunk guda biyu da ake cewa na koyon tuƙi ne alhali hotunan barikokin Sobiyet suke ɗaukowa. Yanzu rabi barikin sojan saman Jamus ne mai sunan Janar Steinhoff, wani ɓangare gidan tarihi ne da tsofaffin jiragen yaƙi jere a kan titi, sauran kuma an yanka an yi gidaje da makarantu.

TAMBAYA: To Malam in an daina amfani da shi me ya hana gwamnati ta yanka filaye a yi gidaje, tunda ance haya tayi tsada a garin? Ni dai ina ganin asara ce.

AMSA: Hajiya ba ke kaɗai ke faɗin haka ba, a can ma rigimar da ake yi kenan. Bayan jigilar filin ya zama biyu, sojan Amurka a gefe fasinja a gefe, kuma kamfanonin Amurka da Birtaniya da Faransa kaɗai aka yarda su shiga Barlin ta Yamma, Lufthansa bata samu dama ba sai 1990. Ta nan aka riƙa fitar da dubban masu gudowa daga gabas. A 1975 aka mayar da manyan jirage Tegel saboda titin yayi musu gajarta, sojan saman Amurka suka tattara a 1993, aka bar ƙananan jirage ana ta tafka asara, a 2008 masu son a cigaba suka nemi ƙuri'ar raba gardama amma basu kai adadin da doka ta nema ba, ranar 30 ga Oktoba 2008 jirgi na ƙarshe ya tashi. A Mayun 2010 aka buɗe wa jama'a ƙofa.

Gwamnatin garin ta so ta gina gidaje da babban ɗakin karatu a gefe-gefe ta bar tsakiya, mutane suka ce basu yarda ba, don a ganinsu in aka ci gefe yau gobe tsakiya za'a ci, kuma gidajen ba talaka ne zai iya kama su ba. Suka tara sa hannu, ranar 25 ga Mayu 2014 akayi ƙuri'a, kusan kashi 64 cikin ɗari suka ce a bar shi yadda yake, ya zama doka. Ni a nawa ra'ayin suna da hujja, gari mai mutum sama da miliyan 3 da rabi ba zai sake samun irin wannan sararin ba, kuma da ba don soja sun riƙe shi shekara da shekaru ba da tuni 'yan kasuwa sun cinye shi, yadda ya faru da yankin yamma da rundunar ta sayar a 1910 wanda yanzu unguwa ce cike da gidaje. Amma wanda ke yawon neman ɗaki da iyalinsa bazai ji wannan bayanin da daɗi ba, kuma gwamnatin garin da ta hau a 2023 ƙarƙashin magajin gari Kai Wegner ta sake tado maganar gina gefen, don haka tsugune bata ƙare ba.

Ginin kuwa ba a banza yake ba, yana cikin waɗanda doka ta hana a rusa, hedikwatar 'yan sandan Barlin na ciki, ana baje koli da tseren motocin lantarki na Formula E a harabarsa, hasumiyar rada mai sama da mita 70 da Amurkawa suka kafa a 1982 har yanzu sojan Jamus na aiki da ita. Daga ƙarshen 2015 kuma aka zuba 'yan gudun hijira a rumfunan jiragen, yawancinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi, aka yanka musu ɗakuna da allunan da basu da rufi, iyali da iyali kowa na jin tarin kowa, aka sha suka sosai kafin a kafa musu gidajen kwantena a waje. In Allah ya kai ki Barlin shiga filin kyauta ne, ana buɗewa da safe a rufe in rana ta faɗi, jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa layin U6 zai sauke ki a bakin ƙofa, amma zagayen cikin ginin sai da ɗan rakiya kuma ana biya.